Hayaƙin Mota: Tsohuwa Da Sabuwa, Kowace Da Mudun Awonta

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Agege, Ikko.

   

Da shugaba ya aiko cewa mu ne za mu yi magana a kan awon hayaƙin mota, sai da muka yi dariya. Mu ba injiniyoyi ba ne. Iyakar karatunmu Islamiyya, sana'armu kuwa albasa da tattasai. Sai ya ce ai wanda ya shekara talatin yana biyan kuɗin gyaran mota, ko bai iya riƙe sifana ba, ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi. To, ba mu da ta cewa. Abin da za mu faɗa mun tsinto shi ne a gareji, da wurin awo, da kuma bakin yaranmu da suka karanci wannan fanni.

Yawancinmu mun san yadda ake samun takardar lafiyar mota a da. Ka ba ɗan kamasho kuɗi da safe, da la'asar ya kawo maka takarda, alhali motar tana can Mile 12 ana sauke mata kwanduna, ba wanda ya ko leƙa ta. A 2017, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, gwamnatin Jihar Legas ta buɗe wuraren duba mota da kwamfuta, waɗanda ake kira LACVIS. An fara da Ojodu da Ikorodu, daga baya aka ƙara wasu. Daga watan Janairun 2022 kuma gwamnati ta ce ba awo ba takarda, sai an kai motar kanta. A can ana duba birki, da fitilu, da ƙafafu, da ƙarƙashin mota, da kuma hayaƙi. Gwamnatin tarayya ma, ta hannun hukumar kare muhalli ta NESREA, ta ƙaddamar da nata shirin na awon hayaƙin motoci da janareto a Abuja a farkon 2023. Ke nan maganar ta zo ƙofar gida, ko muna so ko ba ma so.

Mun san abin da ake faɗa a tasha. Ana cewa wata sabuwar hanyar tatsar talaka ce kawai. Ba za mu ce mai wannan zato ba shi da dalili ba, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma kafin mu yanke hukunci, jama'a, mu tambayi kanmu: wa ke shaƙar hayaƙin nan? Ba mai Ikoyi da ke cikin mota gilashi a rufe, sanyi na busa shi ba ne. Mu ne. Mai shayi da ke bakin titi tun asuba, mai tsire, mai gyaran takalmi, ɗan dako a Mile 12, mai canji da ke tsaye a bakin hanya wuni guda, da 'ya'yanmu masu tafiya makaranta a ƙasa, waɗanda hancinsu ya yi daidai da salansar danfo. Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2020 wanda ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai, kuma kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba duka laifin mota ba ne, akwai janareto da masana'antu da ƙona shara, amma mota tana sahun gaba.

Hayaƙin da ido ke gani, kowane direba ya san karatunsa. Baƙi, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Shuɗi-shuɗi, injin na cin baƙin mai, galibi ringi ya mutu. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwa ke shiga inda bai kamata ba, sai a duba gasket. Matsalar ita ce mugun cikinsu ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ne ake kira kabon monoksaid, wanda muke jin labarin ya kashe iyali gaba ɗaya idan aka kwana da janareto a cikin ɗaki ko a lungun baranda. Mota na iya fitar da shi da yawa ka tsaya a bayanta ba ka ga komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa ido bai isa ba, sai na'ura.

To, yaya ake awon? A nan ne muke so a saurara da kyau, domin hanyar ba ɗaya ba ce.

Mu fara da tsohuwar mota mai shan fetur, irin su Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, da sauran masu kabireta. Ita wannan ba ta da bakin magana, sai a duba abin da take fitarwa. Ana bari injin ya yi zafi, sannan a cusa wani siririn ƙarfe mai tiyo a cikin salansa. Tiyon na kai hayaƙin cikin na'ura, ita kuma ta ƙidaya kabon monoksaid nawa ne cikin ɗari, da kuma yawan ɗanyen fetur da ya fito bai ƙone ba. Ana auna wa injin na silo, mota a tsaye. A wani tsarin kuma sai a ce ka taka totur har injin ya kai juyi 2,500 a minti, a sake aunawa. A wasu jihohin Amurka har kan wasu na'urori masu juyawa ake ɗora tayoyin mota, ta yi gudu tana tsaye wuri ɗaya, don a ga hayaƙinta lokacin da take jan nauyi, tun da mota kan yi ladabi a tsaye ta yi rashin kunya a kan hanya.

Wannan ɗanyen fetur da na'ura ke ƙidayawa, mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa damuwa da shi. Fetur ne da ka saya da kuɗinka, ya shiga injin, ya fice ta baya bai yi maka aikin komai ba. Lokacin da mai ke da araha ba mu kula. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, kowa ya san abin da lita ke ci a aljihu. Abubuwan da ke jawo wannan asara kuwa ba manya ba ne: fulogi da ya mutu, matatar iska da ƙura ta toshe, kabireta da aka buɗe wa mai fiye da kima, taimin da ya goce. Sau da yawa kuɗin gyaransu bai kai na man da motar ke zubarwa a wata guda ba.

Sai manyan motocinmu masu shan man gas, tirela da daf da roka, waɗanda ke ɗauko mana kaya da shanu daga gida. Awonsu daban ne. Ita na'urarsu duhun hayaƙin take aunawa. Hayaƙin na bi ta cikin wani bututu, fitila a wannan gefe, ido a wancan gefe, gwargwadon yadda hayaƙin ya tare hasken gwargwadon laifin motar. Ana cire giya, a taka totur har ƙasa da sauri, a saki, a maimaita 'yan lokuta. Muna jan kunnen direbobi a nan: kada ka kai mota wannan awo baƙin mai bai cika ba, ko bel ɗin taimin ya tsufa, domin injin na kaiwa ƙarshen kukansa, kuma mai rauni na iya tsinkewa nan take.

Gaskiya ɗaya ce, baƙin hayaƙin manyan motocinmu yawancinsa aikin hannunmu ne. Mota an yi ta don tan 30, mu ɗora mata abin da ya fi haka, sannan mu ce wa bakanike ya ƙara wa famfo mai don ta iya hawan tudu. Ƙarfin da aka samu kaɗan ne, sauran man ya zama baƙin toka a fuskar mai bin ka a baya. Ga nozul da aka shekara ba a duba ba, ga man bakin hanya da aka gauraya da kananzir. Mai mota yana Ikko yana ƙorafin direba na satar mai, bai san rabin man a sama ya tashi tsakanin Jebba da Ilori ba.

Yanzu mu zo kan sabuwar mota, ko mu ce wadda muke kira sabuwa, tun da tokumbo ce ko Beljiyam. Ita wannan tana da ƙwaƙwalwa, kuma tana da bakin magana. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata 'yar kafa mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Motar da kanta take auna kanta kullum tana tafiya. Akwai sansa a jikin salansa da ke shinshinar hayaƙi yana gaya wa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ko ta rage. Idan wani abu ya lalace, sai ta rubuta lambar laifin ta ajiye, ta kunna wannan fitila ruwan ɗorawa mai hoton injin, wadda muke kira cek. Mai awo sai ya jona sikana a kafar, motar ta karanto masa laifinta da bakinta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, motocin fetur daga samfurin 2000 zuwa sama ba a ma cusa musu ƙarfe a salansa, da sikana da duban ido ake yanke musu hukunci. Na 1976 zuwa 1999 ne ake auna wa hayaƙi, na 1975 zuwa ƙasa kuwa an yafe musu.

Wani zai ce to ai da sauƙi, sai a cire kan batir a goge laifin kafin a shiga layi. Masu ƙera motar sun riga ka tunani. Da zarar an goge, ƙwaƙwalwar za ta nuna cewa ba ta gama binciken kanta ba, sai an yi 'yan kwanaki ana tafiya da ita cikin gari da babbar hanya. Kafin nan kuwa laifin ya dawo, fitila ta sake kamawa.

Akwai wani abu a cikin salansar waɗannan motoci da makanikan Ikko suka raɗa wa suna indomi, saboda cikinsa ya yi kama da taliyar yara kafin a dafa. A nan za mu ɗan daɗe, domin a nan aka fi cutarmu. Wannan abu matatar hayaƙi ce. An fara sa shi a motocin Amurka a 1975, a Turai kuma ya zama dole a farkon shekarun 1990. An shafe ramukansa da wasu ƙarafa masu tsada, filatinum da faladiyum da rodiyum, waɗanda idan suka yi zafi sukan juya yawancin gubar hayaƙin ta zama iska marar wannan lahani kafin ta fito. A da, dalmar da ake zubawa a fetur tana kashe shi, shi ya sa tsofaffin makanikai suka taso da cewa bai dace da man ƙasar nan ba. Amma an daina sa dalma a fetur a duk ƙasashen Afirka na kudu da Sahara tun farkon 2006. Maganar ta tsufa, ba a dai daina faɗarta ba.

Mu kanmu an yi mana. Mun sayi wata mota tokumbo, ba ta yi wata biyu ba wani bakanike ya ce mana indomi ne ke shaƙe ta, a fasa a zubar, mota za ta sami numfashi. Muka ce a yi. Har godiya muka yi masa da bai caje mu kuɗin aiki ba. Ashe abin da ya ce zai zubar yana da masu saye, kuma kuɗinsa ya ninka ladan aikin sau da yawa. Daga ranar fitilar cek ta kama, wari ya cika motar, uwargida ta ce ita ba ta ƙara shiga da yara. Da muka koma, sai ya ce fitilar ba ta da wani amfani, a liƙe ta da baƙin salatif. Da yaronmu ya jona sikana, lambar da ta fito ita ce P0420, wato matatar hayaƙi ba ta aiki. Ina za ta yi aiki, tana can an auna ta a sikeli?

Ba mu ce indomi ba ya toshewa ba. Yana toshewa, musamman idan injin na cin baƙin mai ko fulogi na tsallake wuta, ɗanyen fetur ya riƙa isa gare shi yana ƙona shi. Amma ka ga ke nan ciwon yana gaba, a injin. Kuma in har ya mutu, canzawa ake yi. In an cire, ka ce a ba ka tsohon a hannunka, kayanka ne.

Ƙanwar wannan ɗabi'a ita ce cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi. Injin zamani an yi shi ne ya yi aiki da wani zafi na musamman. Idan aka hana shi kaiwa nan, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ba shi mai da yawa. Ka biya kuɗin cirewa, ka riƙa biyan kuɗin ƙarin mai kullum, ranar awo kuma hayaƙi ya kayar da kai.

Masu shirin sayen mota, ku buɗe kunne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Da hukumomin Holan suka duba waɗanda ke barin ƙasarsu, sai suka tarar yawancinsu sun shekara 16 zuwa 20, kuma mafi yawa ba su da takardar lafiya mai aiki. Wasu tun can aka yanke musu indomi. Daɗin daɗawa, daga 2022 zuwa 2023 Beljiyam da Holan da Jamus sun fara wani sabon awo ga motoci masu man gas, na ƙidaya ƙwayoyin toka da ido ba ya gani. Motar da ta faɗi wannan jarrabawa, gyaranta ya fi ƙarfin mai ita, ina kuke zaton za ta nufa? Saboda haka in ka je Berger ko wani wurin dillalai, kafin a tayar da injin murɗa makulli rabi ka duba. Dole fitilar cek ta kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, an kashe ƙwan ne ko an rufe shi. Ka tafi da mai sikana, ka sa a leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai sabon walda a jikin salansa. Mu kuma da ke sayar da mota in mun gaji da ita, mun san abin da malamanmu suka karantar da mu game da ɓoye aibin haja. Fitilar da aka liƙe da salatif ba ta da bambanci da ruɓaɓɓen tumatir da aka tura ƙasan kwando.

Kada kuma a ɗauka ƙwaƙwalwar mota ba ta ƙarya. A 2015 an kama kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu man gas, kimanin miliyan 11 a duniya, wata dabara da ke gane lokacin da ake awo, sai motar ta rage guba, in ta hau hanya ta koma halinta. Shi ya sa mu a namu ganin, ko mota ta iya magana, a riƙa leƙa salansarta.

Saura maganar adalci, wadda muke roƙon shugabanninmu su isar wa hukuma. Ba a auna tsohuwa da mudun sabuwa. A Ingila, motar fetur da ta fara hawa titi tsakanin Agustan 1975 da Yulin 1986 an yarda ta fitar da kabon monoksaid har kashi 4.5 cikin ɗari, ta 1986 zuwa 1992 kashi 3.5. Mai indomi kuwa, a awonsu na yau da kullum, kashi 0.3 ne a silo, 0.2 idan an taka totur. Kun ga tazarar. Fijo mai kabireta ko yau ta fito daga kamfani ba za ta iya abin da ake nema ga Corolla ta 2010 ba, kuma ba laifinta ba ne. Abin da ake nema gare ta shi ne ta yi iyakar abin da aka ƙera ta ta yi. Muna roƙon a rubuta iyakar kowane rukuni a manna a bango inda kowa zai gani, a ba mutum sakamakonsa a takarda da lambobi, ba a ce masa ka faɗi kawai ba. Wanda ya ga lamba ya san abin da zai kai wa bakanike. Wanda aka bari cikin duhu kuwa aljihu zai laluba. Haka kuma a lura da man da ake sayar mana. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 cewa farar wuta a cikin mai kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, domin in ta yi yawa tana raunana matatar hayaƙi. Ba daidai ba ne a kama direba da laifin da ke cikin tankin gidan mai.

Namu ɓangaren kuma, a kai mota awo kafin lodi, ba bayan an ɗora tumatir ba. Kayan gwari ba ya jiran layi. A canza baƙin mai da matatar iska, a duba fulogi, a toshe duk inda salansa ke yoyo, a kuma yi ɗan zagaye da ita ta yi zafi sosai kafin a shiga, domin indomi mai sanyi ba ya aiki. In aka ce ta faɗi, a karɓi takardar aibin, a gyara, a koma cikin wa'adin da aka bayar.

Muna da shawara ɗaya ga kwamiti. Ƙaramar sikana ba ta kai kuɗin taya ɗaya na tirela ba. Ƙungiya ta sayi biyu daga asusu, a zaɓi matasa huɗu daga cikin waɗanda dokar hana acaba ta raba da sana'a, a haɗa su da makanikanmu da suka iya, su koyi karanta lambobin. Duk ɗan ƙungiya da zai sayi mota ko zai je awo ya fara biyowa ta wurinsu, ya ba da ɗan abin da kwamiti ya yanka. Mu mun ɗauki nauyin sikana ɗaya, ma'aji ya rubuta. Wanda zai ɗauki ta biyun ya ga sakatare kafin a tashi.